Tattalin arzikin Goldilocks: asalin laƙabin, da shekarun Amurka da aka raɗa wa shi

A watan Maris na 1992 wani mai nazarin kasuwar hannun jari a kamfanin Salomon Brothers da ke New York, David Shulman, ya fitar da rahoto ga masu zuba jari, ya sa masa sunan wata yarinya ta cikin tatsuniyar yaran Ingila: tattalin arzikin Goldilocks. Abin da yake nufi shi ne arzikin ƙasa da ke bunƙasa daidai wa daida. Bai yi zafin da farashin kaya zai tashi har babban banki ya ƙara kuɗin ruwa ba, bai kuma yi sanyin da masana'antu za su rufe a sallami ma'aikata ba. Shi aka fi danganta wa yaɗuwar laƙabin, kuma har yau idan Baturen kasuwa ya ce Goldilocks, bunƙasa mai tafiya a nitse ba tare da hauhawar farashi ba yake nufi.

Lokacin da Shulman ya yi wannan rubutu Amurka ba ta cikin jin daɗi. A lissafin masana, koma-bayan da ya faro a Yulin 1990 ya ƙare tun Maris ɗin 1991, amma talaka bai gani a ƙasa ba. Rashin aikin yi ya ci gaba da hawa har ya kai kashi 7.8 cikin 100 a Yunin 1992, kuma yana cikin abin da ya kayar da Shugaba George Bush babba a zaɓen Nuwamba, Bill Clinton ya hau. Sai da aka yi shekara huɗu ko biyar sannan laƙabin ya sami abin da ya dace da shi, ya zama maganar bakin kowane ɗan jarida mai rahoton kasuwa.

Inda sunan ya fito

Tatsuniyar gajera ce. Wasu beyar guda uku, manyan namun dajin nan masu kaurin gashi na ƙasashen sanyi, suna zaune a gida ɗaya cikin kurmi. Suka dama kunu suka zuba a kwano uku, suka fita yawo kafin ya huce. Wata baƙuwa ta shiga gidan ba sallama. Ta ɗanɗana kwanon farko ta ji zafi ya yi yawa, na biyu ya yi sanyi, na uku daidai, ta shanye. Haka ta gwada kujeru har ta karya ƙaramar, ta gwada gadaje ta yi barci a kan wanda ya yi mata daidai. Masu gida suka dawo suka same ta, ta dira ta taga ta gudu.

Robert Southey, mawaƙin fadar Ingila na zamaninsa, shi ya fara buga ta a 1837. Kafin shi, a 1831, wata mata mai suna Eleanor Mure ta rubuta irinta da hannu a ɗan littafin da ta yi wa ɗan ɗan'uwanta kyauta, abin da ke nuna cewa labarin ya daɗe yana yawo a baka. A duka biyun baƙuwar tsohuwa ce, kuma a wurin Southey tsohuwa ce marar kunya mai ashar. Wajen 1850 ne mai buga littattafai Joseph Cundall ya mai da ita yarinya, ya kira ta mai gashin azurfa, domin a ganinsa tatsuniyoyin tsofaffin mata sun yi yawa. Launin gashin ya yi ta sauyawa daga bugu zuwa bugu, beyar ukun suka koma uba da uwa da ɗa, sai a farkon ƙarni na 20 sunan Goldilocks ya zauna. Kalmar kanta ta girmi tatsuniyar nesa ba kusa ba. Rabinta na farko zinariya ne, na biyu silin gashi, kuma tun ƙarni na 16 Turawan Ingila ke kiran mai gashi ruwan zinare da ita, har da wasu furanni rawaya. Masu ilimin taurari ma sun ari sunan, suna kiran tazarar da duniya za ta yi da tauraronta, inda ruwa ba zai ƙone ba kuma ba zai daskare ba, da yankin Goldilocks.

Akwai wani abu a kan rahoton Shulman da ya kamata a lura da shi. Kashi na biyu na sunan rahoton yana maganar hana beyar kusantowa. A bakin 'yan kasuwar Landan da New York, beyar shi ne mai hasashen faɗuwar farashi, wanda ke cin riba idan kasuwa ta karye. Wannan ma tsohon laƙabi ne, daga farkon ƙarni na 18, wajen zamanin badaƙalar kamfanin South Sea ta 1720, kuma ya samo tushe daga karin maganarsu a kan mai sayar da fatar beyar tun bai kama shi ba. Ke nan laƙabin Goldilocks bai fito daga jami'a ko ma'aikatar tsare-tsare ba. Mai sana'ar ba da shawarar sayen hannun jari ne ya faɗa wa masu sayen hannun jari. Abu biyu kawai yake aunawa: saurin bunƙasa, da farashin kayan masarufi. Idan biyun sun daidaita, babban banki zai bar kuɗin ruwa yadda yake, hannun jari ya ci gaba da tashi. Bashin da mutane ke ci da tsadar kadarorin kansu ba sa cikin ma'aunin. Wannan giɓi ne ya zama labarin shekarun da suka biyo baya.

Yadda aka kai ga daidaiton

Babban bankin Amurka, wanda ake kira Fed a taƙaice, a lokacin yana hannun Alan Greenspan, wanda ya karɓi shugabancinsa a 1987. Ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 3 cikin 100 a Satumbar 1992 ya bar shi a nan. Ranar 4 ga Fabrairun 1994 sai ya fara ƙarawa, tun hauhawar farashi ba ta nuna kai ba, kuma cikin shekara guda ya ninka shi zuwa kashi 6. An ji jiki. Darajar takardun lamuni ta faɗi warwas. Gundumar Orange a Kalifoniya, wadda ma'ajinta ya yi cacar cewa kuɗin ruwa ba zai tashi ba, ta yi asarar kusan dala biliyan 1.7 ta bayyana karayarta a Disambar 1994. A watan nan kuma kuɗin Meziko ya rushe, har sai da Amurka da Asusun Lamuni na Duniya suka kai ɗauki. Amma Amurka kanta ba ta koma baya ba. Tafiyar ta ɗan lafa a 1995, Fed ya rage kuɗin ruwa sau uku tsakanin Yulin 1995 da Janairun 1996 zuwa kashi 5.25, aka ci gaba.

Gwamnati ma ta yi nata. Dokar kasafin 1993, wadda ta ƙara haraji a kan masu manyan kuɗin shiga ta kuma taƙaita kashe kuɗi, ta wuce da ƙyar, ba ɗan jam'iyyar Republican ko ɗaya da ya goyi bayanta, sai da Mataimakin Shugaba Al Gore ya raba gardama da ƙuri'arsa a majalisar dattawa. Giɓin kasafi da ya kai dala biliyan 290 a 1992 ya yi ta raguwa, har aka sami rara a 1998, karo na farko tun 1969.

Sai dai tsakiyar lamarin yana wurin taro guda, wanda kwamitin kuɗin ruwa na Fed ya yi ranar 24 ga Satumbar 1996.

A wancan lokacin akasarin masana sun yarda da wata ƙa'ida: idan rashin aikin yi ya sauka ƙasa da wajen kashi 6 cikin 100, ma'aikata za su yi wuyar samu, albashi ya tashi, kamfanoni su ɗora ƙarin a kan farashi, hauhawa ta kankama. A Agustan 1996 adadin ya riga ya sauka zuwa kashi 5.1. Bisa ƙa'idar, lokacin taka burki ya yi har ya wuce. Akasarin rassan bankin goma sha biyu sun nemi a ƙara kuɗin ruwa. Gwamnoni biyu na bankin, Laurence Meyer da Janet Yellen, wadda daga baya ita ma ta shugabanci Fed, sun je sun sami Greenspan kafin taron suka nuna masa damuwarsu.

Greenspan ya ƙi, kuma hujjarsa ta lissafi ce mai sauƙi. Albashi yana ɗan tashi, kamfanoni ba sa ƙara farashi, amma ribarsu ƙaruwa take yi. Waɗannan uku ba za su haɗu ba sai idan kowane ma'aikaci yana samar da kaya ko aiki fiye da da a cikin awa ɗaya. Alƙaluman gwamnati ba su nuna haka ba. Tun 1987 masani Robert Solow ya lura cewa ana ganin zamanin kwamfuta ko'ina ban da cikin alƙaluman abin da ma'aikata ke samarwa. Greenspan ya sa ma'aikatansa suka tsattsage alƙaluman sashe-sashe, suka tarar sun nuna wai wasu sana'o'in hidima sun shekara da shekaru suna ja da baya, abin da hankali ba zai ɗauka ba ga kamfanonin da ke cin riba suna sayen na'urori. Ya yanke cewa alƙaluman ne ke da matsala. Kwamitin ya bi shi aka bar kuɗin ruwa a inda yake. Bayan 'yan shekaru ƙididdiga ta gaskata shi: ƙaruwar abin da ma'aikaci ke samarwa, wadda ta tsaya wajen kashi 1.5 a shekara tun 1973, ta koma wajen kashi 2.5 daga 1995.

Daga 1997 zuwa 2000 arzikin Amurka ya ƙaru da fiye da kashi 4 cikin 100 kowace shekara. Rashin aikin yi ya sauka zuwa kashi 3.8 a Afrilun 2000, abin da aka shekara talatin ba a gani ba. Hauhawar farashi a 1998 kashi 1.6 ce kacal. Bunƙasar da ta faro a Maris ɗin 1991 ta yi wata 120 cur ba yankewa.

Ni dai ina ganin shawarar Satumbar 1996 daidai ce, kuma ba ƙaramin alheri ta yi ba. Alƙaluman nan mutane ne. Idan ma'aikata suka yi ƙaranci, mai kamfani yakan ɗauki wanda da ba zai ko duba takardarsa ba: wanda bai gama sakandare ba, wanda ya taɓa zaman gidan yari, baƙar fatar da ake mayarwa baya saboda launinsa. Rashin aikin yi tsakanin baƙaƙen fata ya sauka wajen kashi 7 a 2000, mafi ƙanƙanta da aka taɓa ƙirgawa zuwa lokacin. Talauci ya ragu daga kashi 15.1 a 1993 zuwa 11.3 a 2000. Masu ƙaramin albashi, waɗanda abin da suke samu ya daɗe yana zaizayewa tun shekarun 1970, suka ga kuɗinsu ya fara sayen abin da ya fi na bara. Da an bi ƙa'idar kashi 6 ido rufe, da miliyoyin waɗannan mutane sun zauna a gida don tsoron hauhawar da ba ta zo ba.

Rabon sa'a, da waɗanda suka biya

To amma ba dabarar Fed da kwamfuta kaɗai suka danne farashi ba. Abubuwa da dama sun faɗo a lokaci ɗaya, kuma Alan Blinder da Janet Yellen, da suka zauna a kwamitin, sun amsa haka da kansu a nazarin da suka yi daga baya. Sabon tsarin inshorar lafiya ya rage saurin tsadar magani na 'yan shekaru. Farashin kwamfuta ya yi ta zubewa. Hukumar ƙididdiga ta gyara yadda take auna hauhawa bayan wani kwamitin masana da Michael Boskin ya jagoranta ya ce a 1996 ana ƙara wa adadin wajen kashi 1.1 a shekara, gyaran kuma ya sauke lambar da ake bugawa. Manyan biyun su ne ƙarfin dala da arahar mai, kuma duka biyun daga wahalar wasu suka fito. Faɗuwar wani tashin wani.

Ranar 2 ga Yulin 1997 Tailan ta saki kuɗinta ya faɗi, gobarar ta bazu zuwa Indunisiya da Malesiya da Koriya ta Kudu. Kuɗin Indunisiya ya tashi daga wajen 2,400 a dala ɗaya zuwa sama da 15,000, arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi 13 cikin 100 a 1998, Shugaba Suharto ya sauka a watan Mayu bayan tarzoma. Jarin da ya tsere daga Asiya Amurka ya nufa. Dala ta yi ƙarfi, kayan da Amurka ke shigowa da su suka yi araha, bashi ya yi sauƙin samu.

Nan ne lamarin ya taɓo mu kai tsaye. A Nuwambar 1997 ƙungiyar OPEC, wadda babban sakatarenta a lokacin shi ne Rilwanu Lukman ɗan Zariya, ta yi taro a Jakarta ta ƙara yawan man da take haƙowa da wajen kashi 10 cikin 100, daidai lokacin da masana'antun Asiya ke rage saye. Sanyin shekarar bai yi tsanani a ƙasashen arewa ba, man Iraƙi kuma yana dawowa kasuwa ƙarƙashin shirin mai-don-abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Zuwa Disambar 1998 gangar ɗanyen mai ta Brent ta sauka ƙasa da dala 10. Direba a Amurka ya sayi galan ɗin fetur ƙasa da dala ɗaya a farkon 1999. Nijeriya kuwa, wadda sama da kashi 90 na kuɗin da take samu daga waje na mai ne, ta shiga shekarar miƙa mulki aljihu a bushe. Wanda ya yi wayo a lokacin yana tuna dogayen layukan gidajen mai, da yadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta ɗaga litar fetur daga naira 11 zuwa 25 a Disambar 1998, kafin ta sauke zuwa 20 bayan ƙorafi. Kashi 1.6 ɗin da ake yabo a New York, wani ɓangarensa daga baitulmalin ƙasashe masu mai aka cire shi.

Shaidar haka ta zo da wuri. A Maris ɗin 1999 OPEC da wasu ƙasashe irin su Meziko da Norwe suka rage haƙo, farashi ya haura dala 30 a 2000, hauhawar farashi a Amurka ta koma kashi 3.4 a shekarar.

Abin da ma'aunin bai auna ba

A wancan taro na 24 ga Satumbar 1996, wani gwamnan bankin, Lawrence Lindsey, ya ta da maganar kasuwar hannun jari, cewa farashi ya kumbura ya wuce darajar kamfanonin. Rubutaccen bayanin taron, da aka saki bayan shekaru, ya nuna Greenspan ya amsa cewa matsalar tana nan. Ya ma ambaci maganinta. Doka ta ba Fed ikon ƙayyade yawan bashin da mutum zai ci ya sayi hannun jari, kuma tun 1974 ƙa'idar tana kan rabi: ka kawo rabin kuɗin, dillali ya ranta maka rabi. Greenspan ya ce tsaurara wannan zai sace kumburin, amma bai san me kuma zai ɓata ba. Ba a taɓa ƙa'idar ba.

Ranar 5 ga Disambar 1996 Greenspan ya yi jawabi a Washinton, ya yi tambayar da ta shahara: ta yaya za a gane lokacin da zumuɗin da ba hankali a cikinsa ya kumbura darajar kadarori? Kasuwanni suka girgiza washegari, sannan suka ci gaba da hawa. Ma'aunin Dow Jones, mai bin farashin hannun jarin manyan kamfanonin Amurka, yana wajen 6,400 a ranar, ya haura 10,000 a Maris ɗin 1999. Bayan ƙari ɗaya tak a Maris ɗin 1997, Fed bai sake ɗaga kuɗin ruwa ba sai Yunin 1999. Tunda farashin burodi da fetur a kwance yake, ma'aunin yana cewa lafiya lau.

Makonni kaɗan kafin wannan jawabi, a Oktoban 1996, wani masanin tattalin arziki da ba a cika sauraro ba, Hyman Minsky, ya rasu. Ya shafe rayuwarsa yana bayanin cewa daɗewar zaman lafiya a kasuwa ita ke haifar da rikici. Manomin da ya ga damina mai albarka shekara biyar a jere yakan fara sayar da abin da ke rumbu, ya ci bashi ya faɗaɗa gona, don ya manta da fari. Minsky ya kasa masu bashi gida uku: mai iya biyan uwar kuɗi da ruwa daga abin da yake samu, mai iya biyan ruwa kaɗai yana sabunta uwar kuɗin, da wanda ko ruwan ba ya iya biya sai dai ya dogara da tashin farashin abin da ya saya. Duk shekarar da ta wuce lafiya, mutane na gangarowa daga gida na farko zuwa na uku, masu ba da bashin kuma suna sassautawa.

An ga misalinsa a 1998. Asusun zuba jari na Long-Term Capital Management, wanda John Meriwether, tsohon ma'aikacin Salomon Brothers, ya kafa a 1994, yana da Myron Scholes da Robert Merton, waɗanda suka karɓi kyautar Nobel a 1997. Da jarin da bai kai dala biliyan 5 ba yana riƙe da kadarorin sama da biliyan 100, sauran duk bashi. Da Rasha ta kasa biyan bashinta ranar 17 ga Agustan 1998, lissafinsu ya wargaje cikin makonni. Reshen Fed na New York ya tara manyan bankuna goma sha huɗu suka zuba dala biliyan 3.6 don kada rushewarsa ta ja kowa, sannan Fed ya rage kuɗin ruwa sau uku tsakanin Satumba da Nuwamba. An kashe gobarar. Amma darasin da 'yan kasuwa suka ɗauka shi ne duk ranar da kasuwa ta tangaɗe, Greenspan zai tare ta. A 1999 ma'aunin Nasdaq, inda kamfanonin intanet suka taru, ya tashi da kusan kashi 86 cikin 100 a shekara guda.

Akwai wadda ta hango haɗarin tana kan kujerar da za ta iya yin wani abu. Brooksley Born, shugabar hukumar CFTC mai kula da cinikin alƙawuran kaya, ta fitar da takarda a Mayun 1998 tana neman ra'ayi a kan ko ya kamata a sa ido kan wasu yarjejeniyoyin kuɗi da bankuna ke ƙullawa tsakaninsu a bayan fage, waɗanda darajarsu ke rataye da wani abu daban, kamar kuɗin ruwa, ko canjin kuɗi, ko yiwuwar wani ya kasa biyan bashi. Ba hukumar da ta san wa ke bin wa nawa a wannan kasuwa. Tambaya kawai ta yi, ba doka ta kafa ba. Greenspan da sakataren baitulmali Robert Rubin da shugaban hukumar hannun jari Arthur Levitt suka taso mata, majalisa ta ɗaure hannun hukumarta na wata shida, ta bar aiki a 1999. A Disambar 2000 aka yi dokar da ta fitar da waɗannan yarjejeniyoyi daga ƙarƙashin sa ido kusan gaba ɗaya. Wannan, a wurina, shi ne babban laifin shekarun, ya fi batun kuɗin ruwa nauyi. Ana iya barin talaka ya sami aiki a kuma tambayi banki abin da ke cikin littafinsa, ɗaya bai hana ɗaya ba. Abin da ya sa aka ƙi sauraron ta shi ne komai yana tafiya daidai, wanda ya zo da gargaɗi kuwa a irin wannan lokaci ɗaukarsa ake yi mai ɓata biki.

Nasdaq ya kai ƙololuwa ranar 10 ga Maris ɗin 2000 a kan 5,048. Zuwa Oktoban 2002 ya dawo 1,114, asarar kusan kashi 78 cikin 100. Kamfanin Pets.com, mai sayar da abincin karnuka da kyanwoyi ta intanet, ya shiga kasuwar hannun jari a Fabrairun 2000 ya rufe a Nuwamba. Kamfanin makamashi na Enron ya karye a Disambar 2001, ma'aikatansa da dama suka rasa aiki da kuɗin fanshon da suka zuba a hannun jarin kamfanin. Kamfanin sadarwa na WorldCom ya bi shi a Yulin 2002. Koma-bayan 2001 gajere ne, daga Maris zuwa Nuwamba, amma masana'antu sun zubar da ma'aikata kusan miliyan uku tsakanin 2000 da 2003, rashin aikin yi ya koma kashi 6.3 a Yunin 2003.

Greenspan yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. A taron shekara-shekara na shugabannin manyan bankuna da aka yi a Jackson Hole a Agustan 2002 ya ce da wuya a tabbatar farashi ya kumbura sai bayan ya fashe, kuma ƙarin kuɗin ruwan da zai isa ya dakatar da masu zumuɗi zai durƙusar da kowa, don haka gara a jira a share ɓarnar daga baya. Sauƙin koma-bayan 2001 ya sa mutane da yawa suka gamsu. Sai dai sharar kanta tana da tsada. Fed ya rage kuɗin ruwa sau goma sha ɗaya a 2001, ya kai shi kashi 1 a Yunin 2003 ya bar shi shekara guda. Kuɗin da suka gudu daga intanet suka shiga gidaje.

Laƙabin ya dawo bakin masu sharhi a 2006 da farkon 2007, kuma bisa ma'auninsa ba su yi ƙarya ba: arziki na ƙaruwa a nitse, rashin aikin yi wajen kashi 4.5, farashin kaya bai gagara ba. Masana ma suna da nasu sunan mai kama da shi, babban lafawa, wanda Ben Bernanke, gwamna a Fed da daga baya ya gaji Greenspan, ya yi jawabi a kansa a Fabrairun 2004. A ƙarƙashin wannan, bashin sayen gidaje ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 2000 da 2007, kuma wani kaso mai yawa an ba wa mutanen gida na uku a lissafin Minsky. Bankin Lehman Brothers ya rushe ranar 15 ga Satumbar 2008. Washegari gwamnati ta ranta wa kamfanin inshora na AIG dala biliyan 85, domin ya sayar da alƙawuran biyan diyyar bashin da ya lalace fiye da ƙarfinsa, irin yarjejeniyoyin da Born ta nemi a leƙa shekara goma kafin nan.

Ranar 23 ga Oktoban 2008 Greenspan ya zauna gaban wani kwamitin majalisar wakilai da Henry Waxman ke shugabanta, ya amsa cewa ya gano aibu a tunaninsa, domin ya ɗauka son kai na bankuna zai sa su kare dukiyar masu jarinsu da kansu. Rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin 100 a Oktoban 2009, sama da mutum miliyan takwas suka rasa aiki. Sai a Yulin 2010, da dokar Dodd-Frank, majalisa ta ba hukumar CFTC ikon sa ido kan akasarin waɗannan yarjejeniyoyi, shekara goma sha biyu bayan takardar Brooksley Born.